Akun da gyaɗa ta kusa kashewa: nazarin wani lamari daga Garwa

Akun da za a yi bayaninsa a nan irin na kurmi ne, mai launin toka da jar wutsiya, wanda mutane suka fi so saboda iya magana. Ba tsuntsun arewa ba ne. Asalinsa dazuzzukan kudu ne, wajajen Yokaduma da gandun dajin Lobeke a kudancin Kamaru, har zuwa Gabon da Kwango, inda ruwan sama ba ya daɗewa bai sauka ba. Wani Alhaji mai manyan motoci da ke jigilar kaya tsakanin Duwala da Garwa ta arewacin Kamaru ne ya zo da shi shekaru da dama da suka wuce, ya ajiye shi a zaurensa. Lokacin da Alhaji ke raye tsuntsun na da mai kula da shi. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, keji ya rasa mai shi. Ya ɗan zauna a gidan wannan, ya koma gidan wancan, daga ƙarshe aka rataye shi a rumfar wani mai shayi a bakin titi don ya riƙa jawo masu ciniki.

A can 'yar marigayin, wata malamar firamare, ta gan shi a ƙarshen damina. Ta biya mai shayin abin da ya ce ya kashe a kansa, ta kawo shi gidan da take zaune da mahaifiyarta. Ni maƙwabcinsu ne, na kuma daɗe ina kiwon kaji da tantabaru, shi ya sa ta aiko aka kira ni. "Kawu, don Allah duba mini tsuntsun Baba," in ji ta, "ban gane masa ba."

Kejin na waya ne, ƙarami, bai isa tsuntsun ya buɗe fukafukansa ba, sandar tsayawa ɗaya ce kuma ta ƙarfe. Ƙirjinsa a fige yake har ana ganin fata. Bakinsa na sama ya yi tsawo ya lanƙwashe fiye da kima, farata sun yi zaƙo-zaƙo. Kafar hancinsa ɗaya ta toshe da busasshiyar majina, kuma in ya ɗan motsa sai ka ji numfashinsa. Tafin ƙafafunsa ya yi ja ya yi santsi. Ƙwayar idonsa rawaya ce mai haske, alamar babba ne, don ɗan aku idonsa baƙi ne, sai ya girma yake washewa. Da hannu ya doshi keji sai ya maƙale a kusurwa ya kama gurnani mai ƙarfi, irin wanda akun da aka kamo daga daji ke yi. Mai shayin ya kuma gaya wa malama cewa wani lokaci da safe yakan tarar da shi a ƙasan keji yana karkarwa, wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce iska ce.

Abincinsa a rumfar shi ne abin da ke hannun masu shan shayi: soyayyar gyaɗa mai gishiri, burodin da aka tsoma a shayi mai madara da sukari, ƙuli-ƙuli, guntun ƙosai. Wasu dattawa har goro suke gutsura masa. Babu wanda ya yi haka da mugunta. Kowa ba shi yake yi don ya yi magana, shi kuwa ba ya ƙin karɓa in an jefa masa.

Abu na farko da na ce shi ne a nemo likitan dabbobi kafin a taɓa abincinsa. Likitan ya naɗe shi da tawul, ya sa shi a kwali ya ɗora a sikelin kicin mai nuna giram. Bayan an cire nauyin kwali da tawul, tsuntsun ya kai giram 610. Irin wannan aku yawanci tsakanin giram 400 ne zuwa 550, gwargwadon girman jikinsa, wannan kuwa matsakaici ne. Amma sikeli kaɗai ba ya faɗin komai, sai an haɗa da hannu. Akwai ƙashi mai tsini da ya ratsa tsakiyar ƙirjin tsuntsu, ana lalubarsa kamar yadda mace ke taɓa ƙirjin kaza a kasuwa kafin ta saya. In tsinin ya fito da kaifi, tsuntsu ya rame. In ana jinsa da tsoka a gefe da gefe, lafiya lau. A jikin wannan sai da likita ya danna kafin ya ji ƙashin, kuma ta wurin da aka fige ana hango kitse rawaya a ƙarƙashin fata har zuwa mara. Ya ce tsawon bakin nan na iya zama alamar kitse ya taru a hanta, faɗuwar dare kuma ta yi kama da ƙarancin sinadarin kalsiyam. Ya rage masa baki da farata kaɗan, ya wanke hancin, ya rubuta maganin kalsiyam na ruwa da za a ba shi na ɗan lokaci.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa: ta yaya tsuntsu zai yi ƙiba har haka a kuma ce abinci mai gina jiki bai ishe shi ba? Amsar tana cikin gyaɗa. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Tana cika jiki da kitse, amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne, bitamin A kuwa kusan babu. A kurmi aku na tashi tafiya mai nisa kullum don neman abinci, yana cin 'ya'yan itatuwa iri-iri da ƙwayoyi da kwakwar manja, yana sauka a filayen da ke tsakiyar daji ya ci ƙasa mai gishirin ma'adinai. Man da ya ci tashi ke ƙone shi. Wanda ke tsaye a sanda ɗaya dare da rana ba shi da inda zai kai wannan man sai hanta da jijiyoyin jini. Rashin bitamin A kuma yana lalata lallausar fatar cikin hanci da maƙogwaro, shi ke kawo toshewar hanci da saurin kamuwa da ciwon numfashi. Akun kurmi ya yi suna a wajen likitocin tsuntsaye da saurin faɗuwar kalsiyam a jini, abin da ke sa shi rauni da karkarwa da faɗowa daga sanda. Kuma ko an ba shi kalsiyam, jiki ba ya iya amfani da shi sosai sai da bitamin D, wanda hasken rana ke taimakawa a samu. Tsuntsun da ya yi shekaru a ƙarƙashin kwanon rumfa bai san rana ba duk da yana zaune a Garwa.

Akwai kuma batun gyaɗar da ta yi funfuna. Wadda aka ajiye da laima tana iya ɗaukar gubar da ake kira aflatoksin, mai cin hanta, ƙurar funfunar kuma na iya shiga huhun tsuntsu. Sau da yawa gyaɗar da aka tsince aka ware ita ake zuba wa dabba, a ganina kuwa wannan kuskure ne babba. Gyaɗar da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka ba aku. Shayi da kofi da goro duk suna da sinadarin da ke sa zuciya bugu, jikin da bai kai kilo ɗaya ba kuwa ba ya jure abin da mutum ke jurewa. Gishiri na wahalar da ƙodarsa, madara ba abincin tsuntsu ba ce, fiya kuma guba ce gare shi, tana iya kashe shi.

Malama da ta ji wannan sai ta ce daga yau an daina gyaɗa ke nan. Na hana ta. Aku tsuntsu ne mai taurin kai a kan abinci, abin da bai sani ba ba ya ɗaukarsa abinci ne, yana iya zama da yunwa ga kwano cike a gabansa har ya galabaita. Tsuntsu mai kitse a hanta kuma yunwar farat ɗaya ta fi masa haɗari. Don haka muka tsara a bi a hankali: nauyi ya riƙa sauka da 'yan giram kaɗan a mako, kuma in ya zube da sauri, ko kashinsa ya ragu ya koma ɗan kore-kore, a koma baya a kira likita.

An yanke shayi da burodi da goro da duk abin gishiri nan take, don waɗannan ba sa jiran lallashi. Gyaɗa ta koma ɗanya mai tsabta, ana rage ta kaɗan-kaɗan. Da sassafe, lokacin da ya fi jin yunwa, ake fara sa masa sabon abinci, sai hantsi a kawo wanda ya saba da shi. Kwanakin farko zubarwa kawai yake yi. Abin da ya fara karɓa ɗanyar masara ce a jikin totuwarta, sai jan tattasai da attarugu. Tsuntsu ba ya jin yajin barkono yadda muke ji, jan tattasai kuwa na da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, don haka tsohuwar al'adar ba aku barkono tana da amfaninta. Dafaffen dankalin Hausa da kabewa ya ƙi su, sai da aka murƙushe su da ɗumi aka barbaɗa dakakkiyar gyaɗa a kai. Yana tsintar gyaɗar yana haɗawa da abin da ke ƙasa har ya saba da ɗanɗanon. Karas in an yanka manya jefarwa yake yi, in an goga ƙanana ya haɗu da sauran yana ci. Ganyen zogale a kwano bai kula shi ba, amma da aka jiƙa reshe guda aka rataya a jikin keji sai ya kama yagarsa don wasa, daga nan ya fara haɗiyewa. Wata dabara da ta yi aiki sosai ita ce cin abu a gabansa. Aku a garke yake kiwo, abin da ya ga na kusa da shi na ci shi yake sha'awa. Malama takan zauna kusa da keji ta ci gwanda, ba ta ko kallonsa, can sai ka ga ya matso yana leƙe.

Abincin aku na kanti da ake haɗawa a ƙasashen waje ba kasafai ake samunsa a nan ba, saboda haka kwanonsa na yau da kullum daga kasuwarmu yake: dafaffiyar dawa ko gero ko shinkafa ba mai ba gishiri, dafaffen wake da ya nuna sosai, ganye da kayan lambu masu launin ja da ruwan lemu su fi yawa, sai ɗan yankin gwanda ko gwaba ko mangwaro. Lokaci-lokaci ana ba shi ɗan dafaffen ƙwai, da garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka. Kwakwar manja in an samu daga motocin kudu, ɗaya ta isa a 'yan kwanaki, don ita ma mai ce. Da zafin Garwa dafaffen abinci ba ya daɗewa bai lalace ba, don haka abin da ya rage bayan awa biyu ana kwashewa. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a ba shi abincin kajin ƙwai tunda kalsiyam ake nema. Ban yarda ba. An haɗa wannan abincin ne don kazar da ke yin ɓawon ƙwai kusan kullum, yawan kalsiyam ɗinsa na iya lalata ƙodar tsuntsun da ba ya ƙwai.

Bayan 'yan makonni sai nauyi ya tsaya cak. Malama na rubutawa a littafin makaranta, lambar ba ta motsi. Wata safiya ta share ƙarƙashin keji ta ga ɓawon gyaɗa ya fi abin da ta auna. Ashe Hajiya, mahaifiyarta, ce ke ba shi in kowa ya fita. Malama ta ji nauyin yi wa mahaifiyarta magana, ta roƙe ni in je. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, gyaɗar nan ita ce ciwonsa, sai mun yi haƙuri." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Malam, muryar mai gidan ce a bakinsa. Da asuba yakan yi gyaran murya irin tasa, ya yi sallama. Ta yaya zan ji wannan in hana shi abin da yake so?"

Ba ni da abin da zan musa mata, kuma ban ga dalilin raba ta da wannan ba. Abin da muka yi shi ne, aka cire gyaɗa daga kwanonsa gaba ɗaya, aka riƙa ƙirga 'yan ƙwayoyi kaɗan na yini a zuba a ƙaramin gwangwani, a ɓare kowace a raba gida huɗu, gwangwanin kuma a hannun Hajiya yake. Sharaɗi ɗaya ne: ba ya samun gyaɗa sai daga hannu, kuma in ta ƙare ta ƙare. Daga ranar ne aikin rage ƙiba da aikin sabo da mutum suka zama abu ɗaya. Muddin gyaɗa na cike da kwano, tsuntsun ba shi da dalilin kusantar kowa. Da ta zama abu mai wuyar samu, kuma hanyarta ɗaya ce, sai ya fara lissafi.

Tsoronsa na hannu yana da tushe. Masu kamun aku a kurmi da danƙo suke kama shi a reshe ko da raga, su datse masa gashin fukafukai, su cusa su da yawa a akwati ɗaya, kuma da yawa ba sa isa kasuwa da rai. Wannan kuma ya ƙara da shekarun rumfa, inda yara ke tsokanarsa da kara don ya yi ihu. Saboda haka dabarar da aka saba ta miƙa wa aku sanda ya hau ba ta yi mana amfani ba, ganin sanda a hannu kaɗai na sa shi faɗuwa da baya.

Mai walda ya ƙera masa keji babba da tsuntsun zai iya buɗe fukafukai ya kaɗa, ba a shafa masa fenti ba don aku na gwaguyar ƙarfe. Aka sa rassan gwaba masu kauri daban-daban a maimakon sandar ƙarfe, aka jingina kejin da bango a baranda, daidai tsayin ƙirjin mutum, don ya san ba abin da zai zo masa ta baya. Hajiya ta fara da shimfiɗa tabarmarta nesa kaɗan, tana jan carbi ko tsintar shinkafa, gefenta ta ba shi ba fuska ba, don tsura wa tsuntsu ido a wajensa halin mafarauci ne. In za ta tashi sai ta jefa guntun gyaɗa a kwanonsa ta wuce. Da ya daina gurnani a wannan tazarar sai ta matso da tabarma. Bayan haka ta riƙa miƙa masa a cokali ta tsakanin wayoyi, sannan da yatsu, sannan aka buɗe ƙofar keji aka bar shi ya fito da kansa ya hau sama. Ba a taɓa cusa hannu a ciro shi ba. Kowane zama gajere ne, ana tashi tun bai gaji ba.

Sau ɗaya jikan Hajiya ya yi gaggawa ya kai hannu zai shafa kansa, ya sha cizo har jini. Yaron ya so ya rama, aka hana shi. Duka ko tsawa ko girgiza keji na rushe aikin wata guda a minti ɗaya. Aka zaunar da shi aka nuna masa cewa tsuntsun ya yi gargaɗi kafin ya ciza: baƙin idonsa na tsukewa yana buɗewa da sauri, gashin ƙeyarsa ya miƙe, ya sunkuyar da kai baki a buɗe. In ka ga haka ka janye hannu. Aku da ya ga ana jin gargaɗinsa ba ya bukatar kai wa ga cizo.

Awo ma ta wannan hanya aka warware shi. Naɗe shi da tawul kowane mako zai ɓata amanar da ake ginawa, sai aka kafa ɗan reshe a kan katako aka ɗora a sikeli, aka ajiye kusa da ƙofar keji har ya daina tsoronsa. Guntun gyaɗar farko na yini a kan wannan reshen yake samu. Ana auna shi da safe bayan ya yi kashin farko, kafin ya ci komai, don lambar yau ta yi daidai da ta makon jiya.

Motsa jiki kuma an shigar da shi cikin cin abinci. Kwanon ruwa a wannan kusurwa, na abinci a waccan, dole ya hau ya sauka. Ana ƙunshe guntun abinci a takarda ko a soka a totuwar masara ya sha wahala kafin ya ciro. Reshen zogale mai taushi yakan yini yana ɓarzarsa, bakin da ke aiki a itace kuwa ba ya samun sukunin figar ƙirji. Da safe kafin rana ta yi zafi ana fitar da kejin tsakar gida, rabi a rana rabi a inuwa. Da hunturu ya shigo, busasshiyar iska da ƙura suka zama abin damuwa ga tsuntsun da aka halitta don laimar kurmi, sai aka riƙa fesa masa ruwa mai tsabta da hantsi, a rufe kejin da zane da dare ya samu barcin awa goma ko fiye. An nisanta shi da hayaƙin gawayi da turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi, don huhun tsuntsu ya fi namu saurin cutuwa. Wajen shara kuma ana yayyafa ruwa a kashinsa kafin a kwashe, saboda akwai cutar da mutum ke iya ɗauka daga ƙurar busasshen kashin aku.

Zuwa farkon bazara sikeli na nuna giram 520. Ana jin ƙashin ƙirji ba sai an danna ba, hancin ya buɗe, jan tafin ƙafa ya ragu, kuma tun bayan makonnin farko ba a sake tsintarsa a ƙasa ba. Gashin ƙirji ya fito a gefe, tsakiya har yanzu fili ne, kuma inda aka daɗe ana figa wani lokaci ba ya sake tsirowa. Yana hawa hannun Hajiya, yana karɓar abu daga malama da yaron. Baƙon namiji kuwa har yau gurnani yake masa, ni ma ban tsira ba, kuma ban ga dalilin matsa masa a kan wannan ba.

Wasu sun ce a sake shi ya tafi. A Garwa sakinsa kisa ne: ba dajinsa ba ne, bai san abincin nan ba, fukafukansa ba su da ƙarfi, shaho ko yara za su riga shi. Tsirya da ke sauka a gonakin dawa ita ce ta nan. Mayar da akun kurmi daji aiki ne na cibiyoyi irin ta kula da namun daji da ke Limbe, wadda ke karɓar waɗanda aka ƙwace daga masu fasa-ƙwauri ta yi jinyarsu kafin a sake su. Wasu kuma sun ce a sayo masa ɗan'uwa ya ɗebe masa kewa. Wannan ma na ƙi, kuma da ƙarfi. A shekarar 2016 aka sa wannan jinsi cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, a shekarar ce kuma taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, da aka yi a Afirka ta Kudu ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. A Gana bincike ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari sun ɓace tun daga 1992. Duk wanda ya sayi sabo a tasha ya biya kuɗin kamo wani ne. Na shawarci malama ta je ofishin ma'aikatar gandun daji da namun daji ta bayyana yadda tsuntsun ya zo hannunta, ta bi abin da suka ce.

Abin da ke gaba yanzu shi ne zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40. An riga an matsar da kejin ƙarƙashin bishiya, nesa da kwanon rufi, an ƙara kwanon wanka, an kuma gaya wa kowa cewa in ya ga tsuntsun ya buɗe baki yana haki fukafukai a sake, a fesa masa ruwa a shigar da shi wuri mai sanyi. Likita ya ce kada a sake datse masa fukafukai. In sabon gashi ya gama fitowa, nauyi kuma ya sauka ƙasa da giram 500, za a rufe ƙofa da tagogin ɗaki a gwada masa gajeren tashi daga saman keji zuwa hannun Hajiya.